Daga Balham zuwa Bristol: bin sawun John Sullivan, marubucin barkwancin Ingila

Duk wanda ya sauka Landan da niyyar ganin inda aka yi Only Fools and Horses, wasan barkwancin talabijin na BBC, unguwar Peckham zai fara nufa, kuma a nan zai yi asarar yini guda. Labarin wasan a Peckham yake, amma kusan duk abin da aka gani a allo a wasu wurare aka ɗauke shi, wasu ma ba a cikin Landan ba. Shi kansa marubucin, John Sullivan, ɗan unguwar Balham ne a kudancin Landan. Saboda haka da na tsara tafiyar kwana huɗu don bin sawunsa, sai na jera ta yadda aikinsa ya jeru: inda ya ji maganar mutane, inda ya koyi yadda ake haɗa shirin talabijin, inda ya ajiye labarin, da inda kyamara ta tsaya. A watan Nuwamba na yi ta, lokacin da rana ke faɗuwa wajen ƙarfe 4 na yamma. Wannan ya sa duk abin da ake son gani a waje sai a gama shi kafin la'asar, kuma azahar da la'asar da magariba suna zuwa kusa da kusa, sai mutum ya san inda zai tsaya.

Daga filin jirgin Heathrow na bi layin Piccadilly na jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Green Park, na canza zuwa layin Victoria har Stockwell, sannan na shiga layin Northern mai nufar Morden. Tasha ta huɗu daga Stockwell ita ce Balham. Wannan hanyar ta fi ta Leicester Square sauƙi, domin layin Northern ya rabu biyu a tsakiyar gari, kuma tun 2021 jirage da yawa na reshen Charing Cross Battersea suke wucewa, sai baƙo ya tsinci kansa inda bai nufa ba. Ana biya da katin Oyster ko katin banki na dangwalawa. Kuskure biyu ne ke cin kuɗin baƙi a nan. Na farko, a dangwala kati wajen shiga a manta wajen fita, sai na'ura ta cire kuɗin tafiya mafi tsada. Na biyu, a dangwala walat gaba ɗaya alhali akwai kati biyu a ciki, sai a shiga da ɗaya a fita da ɗayan, kowanne a caje shi. Kati ɗaya za a riƙe duk yini, domin a kansa ake lissafin iyakar abin da za a cira a rana. Motocin bas kuwa ba sa karɓar tsabar kuɗi tun 2014.

A cikin tashar Balham akwai allon tunawa da daren 14 ga Oktoba 1940, lokacin da bam ɗin Jamus ya fasa titin da ke sama, ruwa da ƙasa suka cika ramin, fiye da mutum 60 da suka fake a ciki suka mutu. Shekara shida bayan haka, ranar 23 ga Disamba 1946, aka haifi Sullivan a wannan unguwa. Mahaifinsa mai gyaran famfo ne, mahaifiyarsa tana aikin shara da goge-goge a gidajen mutane. A Zennor Road ya tashi, tafiyar 'yan mintoci daga tasha. Yau wurin ɗakunan ajiyar kaya ne da shagunan 'yan kwangilar gini, babu abin da zai tsayar da mai yawon buɗe ido, minti biyar ya isa. Ya faɗi jarrabawar da ake yi wa yara a shekara 11, wadda a lokacin ita ke raba masu zuwa makarantar ilimi mai zurfi da masu zuwa ta koyon sana'a, ya bar makaranta yana da shekara 15 ba takardar shaida ko ɗaya. Abin da ya fita da shi shi ne son littattafan marubuci Charles Dickens, wanda wani malamin Turanci ya sa masa ta hanyar karanta musu littafin da murya, yana canza harshe ga kowane mutum na cikin labarin.

Wurin da ya cancanci zama a Balham shi ne Hildreth Street, wani ɗan gajeren titi da motoci ba sa bi, kusa da tasha. Kasuwa ce tun da, kuma a nan Sullivan ya yi aiki yana saurayi. Yanzu shagunan shayi da na burodi masu tsada sun cinye yawancinta, 'yan tebur kaɗan suka rage. Na zauna kusa da wani mai sayar da kayan marmari na kusan rabin sa'a. Ayaba da lemo a cikin 'yan robobi yake jera su, kowace roba farashi ɗaya, yana kiran farashin da wata irin waƙa da ke haɗiye rabin kalmomin, yana tsokanar tsofaffin mata da sunayen shagwaɓa, hannunsa na juye roba cikin leda tun mai saye bai gama yanke shawara ba. Wannan bakin ne Sullivan ya ɗauka ya ba Derek Trotter, jarumin wasan, wanda kowa ke kira Del Boy: ɗan buga-buga mai sayar da kayan da ba a tambayar asalinsu daga cikin akwati, mai zoben zinare da kwat ɗin gashin raƙumi, mai jefa kalmomin Faransanci a inda ba su dace ba don a ce shi wayayye ne. Kafin ya kai ga rubuta shi, Sullivan ya yi ɗan aike a kamfanin labarai na Reuters, ya yi harkar motocin hannu, ya yi aiki a kamfanin giya na Watney's, ya wanke tagogi, har shimfiɗa kafet ya yi a Majalisar Dokoki. Duk tsawon lokacin yana rubuta wasanni yana aika wa BBC ana dawo masa da su, kusan shekara goma. Abin da ya tura shi tun farko labarin jarida ne a kan kuɗin da marubuci Johnny Speight ke samu.

Daga Balham tasha biyu ce zuwa Tooting Broadway, kuma akwai masallaci a kan babban titin Balham da wani a Tooting ga mai son sallah. A ƙofar tashar Tooting Broadway, gaban gunkin Sarki Edward na 7, aka ɗauki buɗewar Citizen Smith, shirin Sullivan na farko, inda Robert Lindsay ke fitowa daga tasha da hular 'yan juyin juya hali yana ɗaga dunƙulallen hannu. Saurayi ne marar aikin yi da ke ganin kansa jagoran 'yantar da Tooting, alhali ƙungiyar tasa ba ta cika motar haya ba. An yi shi daga 1977 zuwa 1980, kashi 30.

Kwana na biyu na ba White City, kuma a ganina wanda ke da yini ɗaya kacal nan ya kamata ya kashe shi. Ana zuwa ta layin Central, ko a sauka Wood Lane ta layin Hammersmith. Da an fito sai a ga Television Centre, ginin da BBC ta buɗe a 1960, mai zagayayyen tsakar gida da gunkin zinare a kan doguwar sanda. An sayar da shi a 2012, BBC ta kwashe a 2013, yanzu yawancinsa gidajen kwana ne da otal da wuraren cin abinci. Ana shiga tsakar gidan kyauta. Sutudiyo uku aka bari, aka sake buɗe su a 2017, kuma shirye-shiryen hira da na kacici-kacici suka fi yawa a ciki.

A 1974 Sullivan ya sami aiki a nan, a sashen kayan wasa, daga baya ya koma cikin masu ɗauko bangon katako da kujeru suna jera dandali. Da gangan ya nemi aikin. Ya lura takardar da ta zo ta gidan waya ba ta da fuska, amma wanda ke cikin gini yana iya tare furodusa a hanya. Kuma ya samu abin da ya fi wannan: yana tsaye a gefe yana kallon yadda ake haɗa shiri daga farko har ƙarshe. Ga yadda aikin yake a wancan zamani. Duk fitowar da za a yi a waje, ta titi ko kasuwa ko mota, ana ɗaukarta tun da wuri a kan fim mai faɗin milimita 16, na zango guda, wato jerin kashi-kashin da za a nuna a jere, a tare, makonni kafin a shiga sutudiyo. Sannan kowane kashi yana da makonsa. 'Yan wasa suna taruwa a ɗakunan gwaji na BBC da ke North Acton, tasha biyu daga White City, wani bene da suka yi wa laƙabi da sunan babban otal don zolaya. An rushe shi, ba abin gani a can yanzu. A ɗakin gwaji babu bango babu ƙofa, da tef mai launi ake zana su a ƙasa, ɗan wasa ya haddace cewa wannan layin ja shi ne ƙofar kicin. Kusa da ƙarshen mako masu kyamara da haske da sauti su zo su kalla su rubuta inda kowa zai tsaya. Ranar ɗauka a yini ana gwaji da kyamarori huɗu ko biyar, da yamma a shigo da 'yan kallo wajen 300 a zaunar da su a kujeru masu hawa-hawa suna fuskantar ɗakunan da aka jera, da makirufo rataye a kansu.

Matsalolin da ke cikin wannan tsari su ne suka koya wa Sullivan rubutu. Ana ɗaukar wasan bi da bi yadda labari yake, domin 'yan kallo su fahimta su yi dariya a inda ya dace, kuma abin da aka ɗauko a waje ana nuna musu shi a allunan da ke sama a naɗi dariyarsu a kai. Idan ɗan wasa ya yi tuntuɓen harshe aka maimaita, dariya ta biyu ba ta kai ta farko, shi ya sa ake ajiye wani ɗan barkwanci da ke riƙe jama'a da zolaya duk lokacin da aka tsaya. Ƙarfe 10 na dare kuma aiki ya ƙare, domin wuce lokacin kuɗin ƙarin aiki ne mai yawa ga ma'aikata. Marubucin da ya san haka ba ya rubuta wasa mai ɗaki takwas, domin ɗaki uku ko huɗu kawai sutudiyo za ta ɗauka a gaban jama'a. Duba Only Fools and Horses: falon gidan Trotter, mashayar Nag's Head, wani lokaci shagon shayin Sid. Kuma har yau mai kallo zai lura launin hoto yana canzawa da zarar Del ya fita daga gida, saboda ciki bidiyo ne, waje fim.

Yana wannan aikin ne ya nuna wa ɗan wasan barkwanci Ronnie Barker 'yan gajerun wasanninsa, aka fara saye don shirin The Two Ronnies. Ya kuma tare Dennis Main Wilson, furodusan da ya yi aiki da Speight ɗin nan da ya burge shi, ya gaya masa labarin Citizen Smith. Wilson ya ce ya rubuto. Ya ɗauki hutun mako biyu ya rubuta, aka nuna kashin gwaji a watan Afrilu 1977, ya ajiye ɗaukar katako.

Mai son ganin irin wannan ɗauka da idonsa zai iya, tikitin kyauta ne, ana nema ta intanet a shafin BBC ko na kamfanonin da ke tara 'yan kallo. Sai dai a sani ana raba tikiti fiye da yawan kujeru, domin wasu ba sa zuwa, don haka tikiti a hannu ba tabbacin shiga ba ne. A je da wuri a shiga layi a sa wa tikitin lamba, a riƙe katin shaida mai hoto, kada a ɗauko babbar jaka, kuma a ware sa'a uku ko fiye don shirin da za a nuna na rabin sa'a. Sutudiyo na da sanyi kafin a kunna fitilu, a shiga da rigar sanyi.

Daga nan na gangara South Acton don ganin Harlech Tower, benen gidajen gwamnati da aka nuna a matsayin Nelson Mandela House, gidan su Del, a shekarun farko. Unguwar ana ta rushe tsofaffin benayenta ana gina sababbi, shi ma yana cikin waɗanda aka tsara saukewa. Sunan da Sullivan ya ba benen a 1981, Mandela na kurkuku, tsokana ce ga ƙananan hukumomin Landan masu ra'ayin gurguzu da ke raɗa wa gine-gine irin waɗannan sunaye.

Only Fools and Horses ya fara ranar 8 ga Satumba 1981. Tunaninsa ya fito ne daga hirar Sullivan da furodusa Ray Butt, wanda mahaifinsa ke da tebur a kasuwar Roman Road, suna ba juna labarin 'yan kasuwar da suka sani. Sunan daga wata tsohuwar magana aka yanko shi, cewa wawaye da dawakai kaɗai ke aikin wahala. David Jason, wanda ya fito a matsayin Del, ba shi aka fara nema ba, an tuntuɓi Jim Broadbent bai samu dama ba. Nicholas Lyndhurst ya zama Rodney, ƙanen da Del ya raina bayan rasuwar uwarsu da gudun ubansu, Lennard Pearce ya zama kakansu. Zango biyu na farko ba su ja jama'a yadda BBC ta so ba, har aka yi maganar dakatarwa. Maimaicin da aka yi a 1983 ne ya tashe shi. Waƙar buɗewa da aka sani, daga zango na biyu, Sullivan ne ya rubuta kuma muryarsa ce.

Kwana na uku na je Peckham. Jirgin ƙarƙashin ƙasa ba ya zuwa, sai jirgin ƙasa na yau da kullum zuwa Peckham Rye daga London Bridge, ko bas lamba 12 ko 36 daga tsakiyar gari. Da fitowa daga tasha sai Rye Lane, kuma ɗan Najeriya ba zai ji baƙunta ba: doya jibge a kwali, busasshen kifi, manja a jarka, attarugu, mahautan halal suna sara da adda a bayan gilashi, shagunan kitso da na aika kuɗi gida, Yarbanci na tashi ta ko'ina. Akwai masallaci a Choumert Grove, bayan titin kaɗan. Wannan Peckham ɗin ba ta cika fitowa a wasan Sullivan ba. Tasa ta Turawa 'yan ƙwadago ce irin ta Balham ɗin yarintarsa, da Denzil direban babbar mota a matsayin baƙar fata ɗaya cikin abokan. Wanda ke son Peckham ta baƙaƙen fata a barkwancin wancan zamani, Desmond's zai nema, wanda Trix Worrell ya rubuta wa tashar Channel 4 daga 1989 zuwa 1994, a shagon wani wanzami ɗan Guyana. Wannan gibi ne na gaske a aikin Sullivan, kuma tafiya a Rye Lane na minti goma ta isa ta nuna shi. Abin da ya kama daidai shi ne halin kasuwar. Na tsaya gaban wani mai sayar da cajar waya da agogo a kan tebur mai naɗewa, yana rantse wa wata mata cewa irin wannan agogon a babban kanti ninki biyar ne, idonsa ɗaya na kan titi. Ba a canza komai ba sai kayan.

Daga Peckham bas lamba 177 na kai mutum Greenwich ta New Cross da Deptford. A hau tudun da ke cikin lambun zuwa gidan duban taurari na sarauta, a sayi tikiti tun kafin a je. Dalilin zuwa agogunan John Harrison ne, kafintan da ya kashe rayuwarsa yana neman agogon da zai riƙe lokaci daidai a kan teku, domin matuƙa su san nisan da suka yi gabas ko yamma. Majalisa ta sa ladan fam 20,000 a kan wannan a 1714. Uku na farko manyan injuna ne na tagulla, na huɗun, wanda ya gama a 1759, kamar babban agogon aljihu yake, faɗinsa wajen santimita 13. A kan wannan tarihi Sullivan ya gina ƙarshen labarinsa. Shekara 15 Del na gaya wa Rodney cewa warhaka baɗi sun zama masu miliyan. A kashin da aka nuna ranar 29 ga Disamba 1996, aka gano wani tsohon agogo da ya daɗe yashe a garejinsu na Harrison ne, aka yi gwanjonsa fam miliyan 6.2. Abin da ya tabbatar musu da mallaka rasit ne da Rodney ya adana tun lokacin da Del ke masa dariyar son rubuce-rubuce. Mutum miliyan 24.3 suka kalla, adadin da ba wani wasan barkwanci irinsa da ya kai a Birtaniya.

Hanyar aikinsa ke nan: ya sami abu na gaske, ya gina hanya zuwa gare shi ta baya. Misali mafi kyau shi ne na fitilar ƙarau, irin mai rassa da ake ratayawa a rufin gidajen masu sarauta. Mahaifinsa ya ba shi labarin wani aiki da suka yi a irin wannan gida, inda mutane suka tsaya a kan tsani suna jiran tarar fitila ɗaya, na saman bene ya kwance ƙusar ɗayar, ta faɗo ta tarwatse, aka kore su. Uban bai ga abin dariya a ciki ba. Sullivan ya fara da wannan faɗuwar, sannan ya nemi dalilin da zai kai 'yan kasuwar Peckham gidan mai sarauta har a amince musu da fitila. An nuna shi a Disamba 1982. A wata makaranta a Dorset aka ɗauka, fitilar da aka ƙera ta ci kimanin fam 6,000, ɗaya ce tak, don haka ɗauka ɗaya ce. Butt ya gargaɗi Jason da Lyndhurst cewa duk wanda ya yi dariya ya kashe zangon. Idan ka kalla, lura da inda kyamara take: tana nuna fitilu biyun tare, su biyun a kan tsani riƙe da mayafi a ƙarƙashin ta kusa, ta nesa na lilo ba wanda ya kula. Mai kallo ya riga su gani da daƙiƙa ɗaya, kuma a wannan daƙiƙar dariyar take. Haka faɗuwar Del a mashaya a Janairu 1989, lokacin da ma'aikaci ya ɗaga murfin kanta shi kuma ya jingina da iska: Jason bai kalli gefe ba, bai miƙa hannu ya kare kansa ba, ya tafi a miƙe kamar itace, abokinsa Trigger na waige-waige yana neman inda ya shiga. Trigger ɗin nan mai sharar titi ne, wanda aka ba lambar yabo don ya riƙe tsintsiya ɗaya shekara 20, sai dai an canza mata kai sau 17, mariƙi sau 14.

Kwana na huɗu Bristol. Jirgin ƙasa daga Paddington zuwa Temple Meads yana ɗaukar kimanin sa'a ɗaya da minti 40. Katin Oyster ba ya aiki a wannan hanya. Tikitin da aka saya kwanaki kafin tafiya ya fi araha nesa ba kusa ba, amma na jirgi ɗaya ne takamaimai, idan ya wuce ka sai sabon saye. Bas daga tashar Victoria ta fi sauƙin kuɗi, ta fi daɗewa da wajen sa'a guda. Daga Temple Meads na taka ta Bedminster da North Street zuwa Ashton, tafiyar minti 45. A duba jadawalin ƙwallo kafin a zo, domin Whitemead House na bayan filin wasan Ashton Gate na ƙungiyar Bristol City, kuma ranar wasa titunan a cushe suke. Wannan benen na Duckmoor Road shi ne Nelson Mandela House daga 1988. An bar Landan ne saboda tsadar ɗauka da cunkoso, ga jama'a na taruwa da zarar sun hango 'yar motar su Del ruwan ɗorawa mai ƙafa uku, ƙirar Reliant Regal, wadda aka rubuta New York da Paris da Peckham a jikinta. Gidan mutane ne har yanzu, da labule a tagogi da kekunan yara a ƙofa. A ɗauki hoto daga titi, kada a shiga harabar ko a danna ƙararrawa.

Komawa Bristol ta zo daidai da wani canjin. Sullivan shi kaɗai yake rubutu, ba ɗakin marubuta goma irin na Amurka, kuma rubutunsa kullum yana wuce minti 30, a yi ta yanke abubuwa masu kyau. Daga zango na shida a 1989 aka ba shi minti 50. Da wannan filin ya shigo da aure da haihuwa da ɓarin ciki, abubuwan da masu barkwanci ke gudu. Ya riga ya gwada tun da wuri. Lennard Pearce ya rasu a Disamba 1984 ana tsakar ɗaukar zango na huɗu. Maimakon a sa wani ya ci gaba da zama kakan, Sullivan ya rubuta jana'izarsa a cikin wasan, ya shigo da ƙanensa, Albert tsohon sojan ruwa, wanda Buster Merryfield ya fito a matsayinsa, mutumin da sai da ya yi ritaya daga manajan banki ya shiga wasa sosai. Fitowar waje da aka riga aka ɗauka da Pearce sai da aka sake ta, abin da tsarin ɗaukar waje a dunƙule ke jawowa ke nan idan ƙaddara ta faɗa.

Na ƙarasa yinin a Broadmead, kasuwar kantuna ta tsakiyar Bristol, inda aka ɗauki Del da Rodney cikin dare suna gudu da kayan Batman da Robin bayan motarsu ta mutu, don shirin Kirsimeti na 1996. A ra'ayina a wannan shekarar ya kamata a tsaya. An dawo da kashi uku daga 2001 zuwa 2003, aka talauta su aka mai da su benen, jama'a sun kalla da yawa, amma Merryfield ya rasu tun 1999, kuma an warware ƙarshen da ya zauna daram. Jimilla kashi 64. Tun a shekarun 1980 Sullivan ya rubuta Just Good Friends da Dear John, wanda Amurkawa suka sake yi ya shekara huɗu a tashar NBC, ya kuma koma ga Dickens ɗinsa da shirin Micawber a 2001. Only Fools and Horses bai karɓu a Amurka ba, amma a Sabiya da maƙwabtanta har gobe ana kallonsa. An zaɓe shi wasan barkwanci mafi kyau a ƙuri'ar BBC ta 2004, aka ba Sullivan lambar girmamawa ta OBE a 2005. Ya rasu a watan Afrilu 2011 yana da shekara 64, bayan makonni yana fama da ciwon huhu. Kashi na ƙarshe na Rock & Chips, labarin yarintar Del a 1960 da 'yan kai, an nuna shi kwanaki kaɗan bayan rasuwarsa.

Daga Broadmead zuwa Temple Meads tafiyar minti 20 ce a ƙafa. Mai tikitin rahusa na lokacin da ba cunkoso ya duba sa'o'in da aka yarda ya hau, kuma idan ranar Lahadi ce ya duba ko ana gyaran layi, domin a irin ranakun akan sauke fasinja a Swindon ko Reading a ƙarasa da su a bas.